Bakin Talaka da Kunnen Hukuma: 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki a Ƙasar Maraɗi

'Yancin faɗin albarkacin baki shi ne damar da kowane mutum yake da ita ta bayyana ra'ayinsa, da neman labari, da karɓarsa, da isar da shi ga waɗansu, ba tare da hukuma ta toshe masa baki tun kafin ya buɗe shi ba, kuma ba tare da ta ɗaure shi don kawai abin da ya faɗa bai yi mata daɗi ba. An saba ɗaukar wannan batu a matsayin damuwar 'yan jarida da lauyoyi da 'yan siyasar Yamai, alhali kuwa nauyinsa ya fi bayyana a karkara, a wuri irin Gangara da ke gundumar Gazawa cikin jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijar da Najeriya, inda mafi yawan jama'a manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne, kuma inda nisan da ke tsakanin mai kuka da mai ikon share hawaye ya fi nisan hanyar mota. Manomin wannan yanki ba ya rubuta sharhi a jarida, amma rayuwarsa ta sha rataya a kan ko za a bari a faɗi halin da yake ciki, kamar yadda rayuwar maƙwabcinsa ta sha rataya a kan ko za a tsawata wa mai zuga jama'a a kansa. Tarihin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da na birnin Maraɗi, yana ɗauke da misalan duka biyun.

Al'ummar Hausawa ba ta taɓa zama al'ummar da ba a magana a cikinta ba, sai dai ta tsara maganar bisa matsayi. A fada akwai fadawa da manyan masu sarauta waɗanda al'ada ta ba su damar jan hankalin sarki, akwai kuma maroƙa da makaɗa waɗanda suke da zambo, wato aibata mutum a cikin waƙa ta hanyar siffanta shi ba tare da an kama sunansa ba, da habaici, wanda shi ne jifa da magana yadda wanda aka nufa zai gane amma ba zai iya kai ƙara ba. Akwai wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda yake halatta wa mutum ya faɗa wa abokin wasansa maganar da da wani ne ya faɗa da an zare wuƙa, kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2014. Duk waɗannan hanyoyi ne masu hikima, amma dama ce da aka ba waɗansu rukunoni na mutane a waɗansu lokuta, ba haƙƙi ne na kowa ba, domin talaka a gaban hakimi, da mace a gaban taron maza, da yaro a gaban dattawa, kunya da ladabi sun umurce su da yin shiru ko da gaskiyar tana hannunsu.

Rikici a kan wa ke da izinin yi wa jama'a magana ya taɓa girgiza wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami wajen ƙarshen shekarun 1780, ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi waɗansu abubuwa a madadinta, daga cikinsu har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini a ƙasar, kuma kada a hana kowa amsa kiran. Bawa ya amince, amma Sarki Nafata, wanda ya zo daga baya, ya taƙaita wa'azi ya kuma hana sanya rawani da lulluɓi, lamarin da ya ƙara tsananta gaba har aka kai ga hijirar Gudu da ɓarkewar jihadi a 1804 a zamanin Yunfa. Zuriyar sarakunan Katsina da na Gobir da yaƙin ya kora su ne suka kafa sarautun Maraɗi da Tsibiri, kuma Tsibiri a yau tana cikin gundumar Gidan Rumji. Ke nan mutanen yankin suna zaune ne a kan sakamakon wata doka ta hana magana wadda ba ta kashe maganar ba, ta dai mayar da ita yaƙi.

Mulkin mallaka na Faransa da gwamnatocin da suka biyo bayansa ba su buɗe wannan ƙofa ba. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, ƙasar ta zauna ƙarƙashin jam'iyya ɗaya a zamanin Diori Hamani har zuwa 1974, sannan ta shiga mulkin soja na Seyni Kountché, wanda a cikinsa mutane suka koyi waiwayawa kafin su yi maganar gwamnati ko da a gindin bishiya ne. Jarida da rediyo duk na hukuma ne, saboda haka manomin kudancin Maraɗi ya riƙa murɗa akwatinsa zuwa Rediyon Kaduna, ko Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka, don ya ji abin da ke faruwa a ƙasarsa daga bakin waɗanda ke wajenta. Sauyi ya fara ne da fitowar jaridar Haské a 1990, da Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda aka riƙa watsa muhawararsa a rediyo har jama'a suka ji ana tuhumar manyan da a da ba a iya ambatar sunansu sai da raɗa. A tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka bayyana, ciki har da Anfani ta Grémah Boucar, wadda ta buɗe reshe a Maraɗi, wadda kuma ta ɗanɗana rufewa da farfasa kayan aiki a zamanin Ibrahim Baré Maïnassara. A ƙasar da mafi yawan manya ba su karanta Faransanci, rediyon da ke magana da Hausa, mai kuma karɓar kiran masu sauraro, shi ne ya kai wannan 'yanci ƙauye, ba jarida ba.

Babu abin da ya nuna darajar wannan 'yanci a yankin kamar matsalar abinci ta 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri a wurare da dama, fara ta yi ɓarna, farashin gero ya yi ta hawa tun daga rani har ya fi ƙarfin magidanta da yawa a lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. Abin mamakin shi ne jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa, tana cikin inda tamowa, wato ramewar yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ta fi tsanani, kuma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗin sayensa ne talaka ba shi da su. A watan Maris na shekarar, shugabannin haɗakar ƙungiyoyin da ke yaƙi da tsadar rayuwa, waɗanda suka fito don ƙin harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi, sun kwana a kurkuku, daga cikinsu akwai Nouhou Arzika da Morou Amadou da Moussa Tchangari. Gwamnati ta dage a kan sayar da hatsi da rangwame maimakon rabawa kyauta, bisa hujjar kada a rikita kasuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta nemi agaji a watan Mayu amma masu bayarwa ba su motsa sosai ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne hotunan yaran Maraɗi da BBC ta nuna wa duniya a watan Yuli, waɗanda aka ɗauka a cibiyoyin jinya na ƙungiyar likitoci ta MSF. Cikin makonni kaɗan agajin da aka yi watanni ana roƙo ya fara shigowa, aka kuma fara rabon abinci kyauta, MSF kuwa ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Duk da haka Shugaba Mamadou Tandja ya musanta a watan Agusta cewa akwai yunwa a ƙasar, ya zargi 'yan adawa da ƙungiyoyin agaji da zuzuta lamarin don wata manufa tasu. A watan Afrilun 2006 aka janye wa wata tawagar BBC izinin aiki bayan ta koma yankin Maraɗi tana bin labarin yunwa, a watan Yulin 2008 kuma gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a jihar, har ya tattara ya bar wurin kafin ƙarshen shekarar.

Adalci ya wajabta a ce ɓacin ran hukuma yana da tushe ta wata fuska, domin kafofin waje sun sha nuna Nijar kamar ba ta da komai sai yara masu kumburin ciki, sun kuma sauƙaƙa wata matsala mai tsawon tarihi, wadda ta haɗa da ƙarancin gona da bashi da rashin asibiti da nauyin da ke kan mata, suka mayar da ita labarin fara da fari kawai. Amma maganin labarin da aka gurgunta shi ne cikakken labari, kuma gwamnati tana da rediyo da talabijin da ma'aikatan ƙididdiga da za ta iya ba da shi. Korar mai ɗaukar hoto ba ta ƙara ko tiya ɗaya ta gero a rumbun kowa ba, ta dai kare sunan masu mulki, wanda shi ne abin da aka fifita a kan cikin yaro. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya Amartya Sen ya shahara da ra'ayin cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yan jarida masu 'yanci, saboda shugaban da ke tsoron ƙuri'a ba zai iya kau da kai daga labarin da kowa ya ji ba. Abin da ya faru a Nijar ya gyara wannan ra'ayi kaɗan, tunda an sake zaɓen Tandja a Disamban 2004 kuma akwai jaridu masu zaman kansu, amma jaridun na birni ne, da Faransanci suke fita, muryar uwar da ke Gangara ko Agye kuwa sai da ta bi ta London kafin ta isa Yamai. A 2010, da wata matsalar abincin ta taso, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta amsa tun da wuri cewa akwai matsala, Firaminista Mahamadou Danda ya fito ya nemi taimako a watan Maris, kuma wannan amsawa ta ba masu agaji damar fara aiki kafin damina ta rufe hanyoyi.

Sai dai bakin da ke ceton rai shi ne kuma ke iya salwantar da shi, kuma duk mai kare 'yancin magana da gaske dole ya fuskanci wannan ba tare da kwana-kwana ba. Baturen Ingila John Stuart Mill, wanda littafinsa na 1859 a kan 'yanci yana cikin manyan hujjojin masu wannan ra'ayi, ya kawo misalin da ya dace da kasuwar Maraɗi: idan mutum ya rubuta a jarida cewa dillalan hatsi ne ke jefa talakawa cikin yunwa, ra'ayi ne da bai kamata a hana ba, amma idan ya faɗi maganar nan ga fusatattun mutane da suka taru a ƙofar gidan wani dillali, ya cancanci hukunci. Kalmomin ba su sauya ba, abin da ya sauya shi ne wurin, da masu sauraro, da kusancin cutarwa ga wani mutum takamaimai. Wannan shi ne bambancin suka da tunzurawa, wato zuga mutane su aikata ɓarna a kan wani, kuma a kansa ne iyakar da ta dace take tsayawa.

Ƙasar Gidan Rumji ta san farashin wannan darasi. A ƙarshen watan Oktoban 1991, daidai lokacin da wakilan ƙasa suke Yamai suna murnar samun baki, rikicin manoma da makiyaya a Toda ya ƙare da kisan Fulani sama da 100, mafi yawansu mata da yara. A lokacin babu wayar hannu, babu rediyo mai zaman kansa, maganar baki da baki ce ta tara mutane daga ƙauye zuwa ƙauye, ta mayar da saɓani tsakanin 'yan mutane kaɗan laifin al'umma guda. Duk maganar da ta ɗauki laifin mutum ɗaya ta shafa wa ƙabilarsa baki ɗaya, sannan aka faɗe ta a lokacin da zukata suka yi zafi, ta riga ta fita daga cikin abin da 'yanci yake karewa. Duniya ta ga mafi munin irin wannan a Ruwanda a 1994, inda gidan rediyon RTLM ya riƙa ambatar sunaye da wuraren ɓuyan mutane, kuma kotun ƙasa da ƙasa ta hukunta waɗansu jagororinsa a 2003.

A birnin Maraɗi kuwa, fushin da aka hura da sunan addini ya sha faɗawa kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda aka shirya a kusa da Yamai, ta rikiɗe a Maraɗi ta zama farmaki a kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista. A wajen Maraɗi ma, a Janairun 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, an kashe mutum 10 a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u masu yawa. Musulmi yana da cikakken haƙƙin jin zafin cin mutuncin Manzon Allah (SAW), da bayyana wannan zafi a huɗuba da rubutu da jerin gwano na lumana, kuma wannan ma 'yancin faɗin albarkacin baki ne. Amma Kiristan Damagaram bai zana komai ba, bai kuma taɓa ganin ofishin mujallar ba, kuma wanda ya nuna wa matasa ƙofar majami'arsa bai rama wa addini komai ba.

Abin da ya auku a watan Yunin 2019 ya fi dukkan waɗannan koyarwa, domin ya haɗa kuskuren mai magana da kuskuren hukuma a wuri ɗaya. Gwamnati ta gabatar da daftarin doka a kan tsara harkokin ibada, sai Shaikh Rayadoune, wani fitaccen limami a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya bayyana daftarin a ranar Juma'a a matsayin wanda ya saɓa wa Musulunci. Ranar Asabar 15 ga wata aka kama shi, a daren kuma masu zanga-zanga suka ƙona wata majami'a a unguwar tare da motar fastonta. Washegari aka sake shi, ya yi kira ga mabiyansa su daina ƙone-ƙone, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi, tunda abin da aka kawo masa ba shi ne ainihin daftarin ba. Majalisar dokoki ta amince da dokar ranar 17 ga wata.

Malamin da dubban mutane ke saurare yana da nauyin bincike fiye da na mai hira a majalisar shayi, kuma shari'ar Musulunci da yake karantarwa ita ce ta fara ɗora masa wannan nauyi, tunda Suratul Hujurat ta yi umurni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana giba, wato ambaton mutum a bayan idonsa da abin da yake ƙi, Suratun Nur kuwa ta tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi, wato mai jifan wani da zina ba tare da shaidu huɗu ba. Amma sukar daftarin doka, ko da bisa kuskure ne, shi ne ainihin abin da aka kafa 'yancin magana domin shi, kuma malamai da kansu suna kawo hadisin da ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafi girman jihadi. Da hukuma ta fassara daftarin da Hausa ta sa an karanta shi a gidajen rediyon jihar tun kafin ya isa majalisa, da takardar bogi ba ta sami kasuwa ba, da kuma ta amsa wa limamin da bayani a bainar jama'a maimakon ɗauke shi, da wataƙila majami'ar tana nan. Duhun da aka bar mutane a ciki game da dokar da za ta shafi masallatansu shi ne ya ba jita-jita ƙarfi, kamun kuma ya ba ta hujja.

Dokokin duniya da Nijar ta sanya wa hannu sun yi ƙoƙarin shata wannan iyaka. Sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 a kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ya yarda a taƙaita magana, amma da sharaɗin a rubuta taƙaitawar a doka ƙarara yadda kowa zai san abin da aka hana, kuma ta kasance don kare mutuncin waɗansu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a, sannan kada ta wuce gwargwadon bukata, sashe na 20 kuwa ya wajabta hana kiran ƙiyayya da ke tunzura mutane ga wariya ko tashin hankali. A Disamban 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a ƙarar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso cewa ɗaure mutum a kurkuku saboda ɓata suna ya wuce gwargwado, kuma masu riƙe da muƙamin gwamnati ya kamata su fi sauran mutane jure suka. Hikimar wannan a fili take, domin mai mulki yana da kakaki da makirufo da zai kare kansa, wanda ba shi da su shi ne ya fi bukatar doka ta tsaya masa.

Nijar ta taɓa yin gaba a wannan hanya, sannan ta yi ta kai da komo. Bayan tsare Moussa Kaka, wakilin gidan rediyon Faransa na RFI kuma shugaban Rediyo Saraounia, daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008 bisa zargin hulɗa da 'yan tawayen MNJ, dokar 4 ga Yunin 2010 ta soke hukuncin ɗauri a kan laifuffukan aikin jarida, tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010 ya tabbatar da 'yancin ra'ayi da na bayyana shi a sashe na 30, Shugaba Mahamadou Issoufou kuma ya zama shugaban ƙasa na farko da ya rattaba hannu a kan sanarwar Table Mountain a Nuwamban 2011, wadda ke neman a daina ɗaure mutane saboda ɓata suna. Amma dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta maido da ɗaurin ta bayan gida, da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 a kan wani rubutu na Facebook da ya shafi badaƙalar sayen makamai. An sassauta dokar a 2022 a zamanin Mohamed Bazoum, sai kuma a Yunin 2024 shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya maido da hukuncin, inda ɓata suna ko zagi ta hanyar na'ura ke jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a kuwa shekara 2 zuwa 5. Matsalar wannan lafazi na ƙarshe ita ce faɗinsa, domin labarin ƙarewar hatsi ko na ɓatan kuɗin taki ma yana iya tayar da hankalin jama'a, kuma dokar ba ta tsaya ga 'yan jarida ba, ta shafi duk manomin da ya tura saƙon murya a zauren WhatsApp na ƙauyensu.

Matsalar tsaro ta ƙara wa lamarin wuya, kuma a nan hujjar masu neman a kame baki tana da ƙarfi. Tun daga 2019 dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, satar shanu da garkuwa da mutane kuma suka biyo su har cikin ƙauyukan bakin iyaka. A irin wannan yanayi, bayyana inda sojoji suka nufa ko sunan wanda ya ba jami'an tsaro labari yana iya kashe mutum kafin gari ya waye, haka nan jifan wani da cewa shi ne ke kai wa ɓarayi rahoto, ba tare da hujja ba, yana iya sa a hallaka shi tun kafin alƙali ya ji sunansa, kuma makiyaya ne suka fi faɗawa cikin wannan zargi. Hana waɗannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a faɗaɗa hanin har ya rufe bakin mutanen ƙauyen da aka kai wa hari, ya hana su cewa an kai, ko ya hana a tambayi dalilin da ya sa agaji bai zo da wuri ba. An dakatar da watsa shirye-shiryen RFI da France 24 a Agustan 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024 bisa zargin yaɗa labarin ƙarya game da wani hari a yammacin ƙasar. Ko da an ɗauka zargin gaskiya ne, mai sauraron da aka raba da tashar da ke da edita da adireshi da za a iya tuhuma ba ya daina neman labari, yana komawa ne ga saƙon muryar da ba a san wanda ya fara tura shi ba.

A matakin ƙaramar hukuma irin Gangara, inda aka fara zaɓen kansiloli a 2004, zaman majalisar gari ya kasance wurin da za a iya tayar da maganar rijiyar da ta lalace, ko burtalin da gonaki suka cinye, ko yadda aka raba hatsin rangwame, a gaban magajin garin da ke bukatar ƙuri'ar masu tambayar. A Afrilun 2024 aka rusa waɗannan majalisu a duk faɗin ƙasa, aka naɗa masu riƙon ƙananan hukumomi daga sama, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, don haka hanyoyin da suka rage wa talaka su ne mai gari da hakimi, da limami, da rediyo, da wayar da ke aljihunsa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a wannan wata na Maris ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda mataki ne da zai iya toshe irin ramin da aka faɗa a 2019, muddin aka bi shi da aiki, wato a riƙa fassara kowane daftarin doka da kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma, a karanta su a rediyo da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan ƙasar, a kuma buɗe layin waya don mai sauraro ya faɗi inda yake ganin an yi kuskure ba tare da jandarma sun neme shi washegari ba.